Rana a Bayan Mai Hoto, Fuskar Kaka a Duhu

A cikin adakar kakarmu a Gusau, ƙarƙashin tsofaffin zannuwan saƙi, akwai wani hoto da bai kai tafin hannu ba. Kakanmu ne a ciki, yana zaune kan kujerar katako, hannayensa biyu bisa gwiwoyi. Babbar rigarsa ta fito fes, har kana iya bin zaren aska takwas da ke ƙirjinta. Takalminsa ya fito, tabarmar da aka shimfiɗa ma ta fito. Fuskar ce kawai babu. Tsakanin rawani da wuyan riga duhu ne, sai ɗan ƙyalli a karan hanci. Mu da ba mu riske shi da rai ba, wannan duhun muka sani a matsayin kakanmu.

Na daɗe ina ganin laifin mai hoton, ina cewa bai iya aikinsa ba. Sai daga baya na fahimci cewa mutumin ƙa'ida ya bi, kuma ya bi ta daidai. Ƙa'idar ce aka rubuta a wata ƙasa, ƙarƙashin wata rana, domin wasu fuskoki.

Mutanen wannan yanki sun daɗe suna ajiye tarihi, amma da tawada da baki. 'Yandoto, da ke tsakanin Gusau da Tsafe, gari ne na malamai da almajirai tun ƙarnoni kafin jihadi, kuma wajen 1806 rundunar Muhammadu Bello ta ci shi da yaƙi, malamansa suka watsu. Sarautar Tsafe har yau sunan garin take ɗauke da shi. Amma babu wanda zai nuna maka fuskar ko da malami ɗaya na tsohuwar 'Yandoto, domin sai a 1839 aka bayyana wa duniya dabarar ɗaukar hoto a Faransa, shekara talatin da 'yan kai bayan faɗuwar garin. Asalin dabarar kuwa ya girmi Faransawan nesa ba kusa ba. Hasan ɗan Haisam, masanin da ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya yi bayanin yadda haske ke shiga ɗaki mai duhu ta ƙaramar kafa ya zana abin da ke waje a bango, kai a ƙasa. Duk yaron da ya taɓa kwana a ɗakin ƙasa mai hudajjen ƙyaure ya ga wannan da idonsa da hantsi. Kalmar kyamara kanta daga Latin take, ma'anarta ɗaki.

Kusan shekara hamsin hoto yana hannun ƙwararru masu manyan akwatuna da faranten gilashi. Wanda ya miƙa shi ga kowa da kowa shi ne George Eastman na birnin Rochester a Amurka. A 1888 ya fitar da kyamarar Kodak, wadda ake sayarwa dala 25 da fim ɗin hoto ɗari a cikinta. In fim ya ƙare sai ka mayar da akwatin kamfani, su wanke su aiko maka. A 1900 ya fitar da Brownie, dala ɗaya tak. Daga nan aka samu sabon mutum a duniya, wato mai ɗaukar hoto don sha'awa, wanda bai san komai game da sinadarai ba, kuma dole a koya masa abin yi cikin 'yan layuka. Sai ƙananan littattafan koyarwa suka yawaita, kusan duk suna maimaita abu guda: ka tsaya rana tana bayanka, haskenta ya faɗa kan fuskar wanda za ka ɗauka, ka manna akwatin a jikinka, ka riƙe numfashi, sannan ka danna. Kada ka ɗauka a inuwa, kada ka fuskanci rana.

Shawarar tana da dalilinta. Fim ɗin wancan zamani ba ya jin haske sosai, idon kyamarar ƙarami ne, ba shi da wurin gyarawa. In babu rana ƙwal, hoto ba ya fitowa. Amma a duba inda aka rubuta ta. Rochester tana wajen daraja 43 arewa da tsakiyar duniya, Landan tana 51. A waɗannan wurare rana ba ta taɓa tsayawa a tsakar ka, ko da a tsakiyar bazararsu. Kullum a karkace take, don haka in ta tsaya bayan mai hoto, haskenta yana shiga ƙarƙashin gira ya haska ido. Gusau kuwa tana wajen daraja 12. Sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da kuma cikin Agusta, rana tana tsayawa cak bisa kan mutum da tsakar rana, inuwarsa ta shige ƙarƙashin ƙafarsa. Yawancin sauran watanni ma ba ta yin nisa sosai da haka. A irin wannan lokaci babu wani abu wai shi rana a bayanka. Daga sama take zubowa, ta haska goshi da karan hanci, ta bar ramin ido da ƙasan haɓa cikin duhu. To ina ga an ƙara rawani, ko malafa, ko mayafin da aka jawo gaba?

Sai kuma fim ɗin kansa. Irin wanda aka fi sayar wa masu ɗauka don sha'awa ba ya ganin jan launi. Verichrome na Kodak, wanda ya fito a 1931, haka yake, kuma sai a 1956 aka maye gurbinsa da mai ganin dukkan launuka. A irin wannan fim jar dara baƙa take fitowa, jan lalle ma haka. Fatarmu kuwa, ko wankan tarwaɗa ko baƙa, hasken da take mayarwa ya fi karkata ga ja, don haka fim ɗin yana ƙara mata duhun da babu shi a zahiri. Ka haɗa wannan da farar riga da ta sha bula da bugu tana ƙyalli a rana. Tazarar da ke tsakanin hasken rigar da na fuskar ta fi ƙarfin abin da takarda za ta iya ɗauka. Dole mai hoto ya zaɓi ɗaya: ko ya fitar da fuska riga ta ƙone ta zama farin fili, ko ya fitar da riga fuska ta nutse. Wanda ya ɗauki kakanmu riga ya zaɓa. Wani lokaci ina raya wa kaina cewa kakan ma da an tambaye shi, wataƙila rigar zai ce a fitar, don an san abin da aska takwas take ci a wancan zamani.

Kyamara ta shigo ƙasar Hausa ne a hannun Turawan mulki da 'yan mishan da 'yan kasuwa, kuma yawancin hotunan farko ba don mu aka ɗauke su ba. An buga wasu a katin gaisuwa ana aikawa Turai, da rubutu a ƙasa cewa ga wani Bahaushe ɗan kasuwa, ga wata Bafillatana mai nono, babu suna, babu gari. A bakin teku kuwa tuni 'yan ƙasa suka riƙe sana'ar. Jonathan Adagogo Green na Bonny, wanda ya rasu a 1905, yana cikin na farko. Hanyar jirgin ƙasa ce ta kawo sana'ar Arewa sosai. Layin da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya kai Ƙaura Namoda a 1929, kuma tare da shi kamfanonin sayen gyaɗa da auduga suka zo, da akawuna da ma'aikatan reluwe daga Kudu. Da yawa daga masu hoton farko a garuruwan Arewa cikin waɗannan baƙi suka fito, suka buɗe shagunansu a unguwannin Sabon Gari. A wurinsu 'ya'yan gari suka koya.

Ba kowa ne ya yi maraba da abin ba. Malamai sun yi saɓani kan hukuncin hoto, wasu suka haɗa shi da sura da aka hana, wasu suka ce kama inuwa ne kamar madubi, kuma har yau ba a rufe wannan babi ba. Abin da ya tura mutane gaban kyamara ko suna so ko ba sa so shi ne takarda: fasfon zuwa Makka, lasin tuƙi, takardar makaranta, katin aiki. Dattawa da yawa hoton da suka bari a duniya shi ne na fasfo. Mata kuwa abin ya fi tsanani, don mai hoto baƙon namiji ne, ba ya wuce zaure. A gidanmu akwai hoton kakanni maza uku, na mace ɗaya ce.

Mai hidimar wannan buƙata shi ne mai akwatin katako a bakin kasuwa ko tasha, wanda ake jira a karɓa nan take. Akwatin nan kyamara ce kuma ɗakin wanki ne. A cikinsa akwai ƙananan tasoshi biyu na ruwan magani, a gefensa akwai hannun riga na baƙin yadi da mai hoto ke zura hannunsa. Ba fim yake sakawa ba, takardar hoto ce. Zai zaunar da kai, ya cire murfin idon kyamara da hannu, ya ƙirga a zuci, ya mayar. Ya wanke takardar a cikin akwatin yana leƙe ta wata 'yar kafa. Abin da zai fito juyayye ne, fuska fara, riga baƙa. Sai ya manna wannan a wani ɗan allo gaban kyamarar ya sake ɗaukarsa, sannan hoton gaskiya ya fito, ya ɗauraye shi a bokiti ya miƙa maka da danshinsa. Ba shi da ma'aunin haske, ba shi da agogo. Idonsa da ƙirgensa ne kawai. Ga kuma zafi: ruwan wankin hoto an tsara shi ne ya yi aiki a ma'aunin zafi 20, alhali a Gusau cikin Afrilu ana kai wa 40. A irin wannan zafi maganin yana cin takarda da sauri fiye da kima, fuskar fim kuma ta yi laushi. Shi ya sa masu situdiyo suka fi son wanki da dare, da ruwan da ya kwana a randa.

Waɗannan mutane ne suka gyara ƙa'idar, ba tare da sun rubuta littafi ba. Abu na farko da suka yi shi ne fitar da mutum daga rana. Suka gane cewa haske mafi kyau ga fatarmu shi ne na bakin inuwa: ƙofar zaure, ƙarƙashin rumfa, gefen katangar da rana ba ta bugawa. A zaunar da mutum cikin inuwar, amma fuskarsa tana kallon fili, inda hasken sararin sama da wanda farar ƙasa ke mayarwa za su shigo masa a kwance. Nan take ramin ido ya cika, kumatu su fito da siffarsu, rigar ma ta rage ƙyalli har ta daidaita da fuska. Inuwar bishiya kuwa suna gudunta, musamman darbejiya, don rana tana ratsa ganye ta yi wa fuska dabbare-dabbare. In gefe ɗaya ya yi duhu, sai a sa yaron shago ya riƙe farin zane ko buɗaɗɗiyar jarida daga wannan gefen, hasken ya dawo. In mai rawani ne, a roƙe shi da ladabi ya ɗan ɗaga haɓa. In kuma dole sai a fili, to da hantsi ko bayan la'asar, lokacin da rana ta karkata ta yi irin tsayuwar da take yi a ƙasar masu littafin. Hazon hunturu, wanda ke shaƙe kyamara da ƙura, shi ma yana da ranarsa, domin yana tace haske ya tausasa inuwa kamar an rufa wa sama farin mayafi.

Wanda duniya ta fi sani a wannan fanni ba ɗan Nijeriya ba ne, amma ranarsa irin tamu ce. Seydou Keïta na Bamako ya fara da Brownie da kawunsa ya ba shi a 1935, ya buɗe wurin sana'arsa a 1948. Yawancin hotunansa a tsakar gida ya ɗauke su da hasken Allah, kuma saboda tsadar kaya, sau ɗaya yake ɗaukar mutum. Zanen rufar gadonsa ne labulen bayansa na farko. Ya tanadi rediyo da agogo da alƙalami da babur don wanda ke son ya fito da su. Ka duba kowane hotonsa: mace baƙa wuluk cikin atamfa mai zane, bayanta wani zanen, amma fuskar ita ce abin da idonka zai fara sauka a kai. Ya rasu a 2001, bayan hotunan da ya ɗauka don mutanen unguwa sun shiga manyan gidajen nuni na Paris da New York. A Yamai ma Philippe Koudjina ya yi irin wannan suna da hotunan matasan birnin a shekarun 1960 da 1970.

Batun tsayuwa da zama kuwa ya fi na haske daɗin bincike, don a nan ne hali ke fitowa. Ana yawan cewa mutanen da ba sa murmushi a hoto saboda kyamara tana daɗewa kafin ta ɗauka. Wannan gaskiya ne a farkon zamani, lokacin da har ƙarfe ake sa wa mutum a ƙeya don kada ya motsa. Amma a zamanin kakanmu ƙiftawar ido ta isa, ko 'yan daƙiƙu a wurin mai akwati. Rashin murmushin zaɓi ne. Littattafan Kodak suna cewa ka ɗauki mutum yana cikin harkarsa, yana dariya, bai ma san ana ɗauka ba. A wurinmu wannan cin fuska ne. Dattijo ba ya yarda a kama shi baki buɗe. Hoto abu ne da zai wuce shi, jikoki su gani, don haka yana shiga cikinsa yadda yake shiga fada ko masallacin Idi, da kamala da natsuwa.

Wani Ba'amurke mai suna Stephen Sprague ya yi nazarin masu hoto a garin Ila-Orangun na ƙasar Yarbawa, ya buga sakamakon a 1978. Ya bayyana zaman da suke sa manya: a fuskanci kyamara sosai, hannaye bisa cinya ko gwiwa, jiki duka ya fito daga hula har takalmi, kyamara kuma a ƙasa-ƙasa. Wannan shi ne zaman kakanmu, ba ragi ba ƙari, kuma ba abin mamaki ba ne in aka tuna daga ina masu shagunan suka zo. Zaman ya dace da babbar riga, don yana baza ta ta cika hoton. Kyamarorin da ake riƙewa a ciki ana leƙawa ta sama, irin su Rolleiflex da Yashica, sun ƙara taimakawa. Idon kyamara yana daidai ƙirjin wanda ke zaune, sai ya fito da kwarjini kamar kana durƙushe gabansa kana gaisuwa. Samari kuwa nasu daban ne: a tsaya a karkace, ƙafa ɗaya bisa kujera, a janye hannun riga agogo ya fito, ko a dafa keken da wataƙila na mai shagon ne. 'Yan mata su zauna biyu-biyu da anko, hannu a kwance bisa cinya don lalle da warwaro su samu shiga. Mai hoto nagari yakan ɓata lokaci wajen gyara naɗin riga da karkata kafaɗa fiye da wajen ɗauka.

Da hoto mai launi ya zo, sai tsohuwar matsalar ta dawo da sabuwar riga. Tun daga shekarun 1950 Kodak yana raba wa wuraren wanki wani kati mai hoton Baturiya, wanda aka fi sani da katin Shirley, da shi ake saita injin. In fatarta ta fito daidai, an ce inji ya daidaita. Bincike ya nuna cewa cikin abubuwan da suka sa kamfanin ya gyara fim ɗinsa har da ƙorafin masu sayar da cakulan da kayan katako, waɗanda suka ce ba a bambance launukan hajarsu a talla. Ga kuma filasha da ta yawaita a gidajen biki, tana bugun fuska kai tsaye ta bar goshi yana ƙyalli kamar an shafa man gyaɗa. Abin takaici, hotunan launi na shekarun 1980 da ke cikin albam ɗinmu sun koɗe sun yi ja, alhali baƙi-da-farin da ya girme su da shekara talatin yana nan daram.

Kodak ya durƙushe a 2012, duk da cewa injiniyansa ne, Steven Sasson, ya ƙera kyamarar dijital ta farko a 1975. Yanzu kyamara tana aljihun kowa, kuma kamfanoni sun fara kula. Masu Tecno sun gina kasuwarsu a Afirka da saita kyamara don baƙar fata, Google ma ya fitar da nasa gyaran a 2021. Duk da haka wayar tana auna haske ne ta hanyar haɗa duk abin da ta gani, don haka farar shadda ranar Sallah tana ruɗinta kamar yadda ta ruɗi mai akwati. Maganin bai canza ba: ka kai mutum bakin zaure, ka juya fuskarsa wajen fili, sannan ka taɓa fuskar a allon waya don ta auna haske daga nan. Ka ja baya kaɗan, don idon waya yana kumbura duk abin da ya matso shi, hanci ne kuwa ke fara isowa. In babba ne a zaune, ka sauke wayar zuwa ƙirjinsa, kada ka tsaya masa a ka. Ni dai da za a bi ta tawa, da an kashe matatar nan da ke goge fuska ta mayar da kowa fari sol. Wancan fim ya ɓoye kakanmu cikin duhu ba da son ransa ba, mu kuma muna ɓoye kanmu cikin fari da hannunmu.

A 'yan shekarun nan iyalai da yawa daga ƙauyukan Tsafe da Bungudu sun bar gidajensu saboda 'yan bindiga, kuma wanda ya fita da dare ba ya tsayawa neman albam. Wannan ne ya sa bara na ɗauko hoton nan daga adaka, na kai shi bakin ƙofa da hantsi, na ɗauke shi da waya ba tare da filasha ba, na tura wa 'yan uwa. Wani ƙanena ya ƙara masa haske a kwamfuta. Ido ɗaya ya ɗan fito, da wani abu a kumatu da muke gardama ko tsage ne ko tabon takarda. Muka kai wa gwaggonmu, wadda ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka san shi. Ta riƙe wayar ta daɗe tana kallo, sannan ta ce ba ta ga fuskar ba, amma zaman nasa ne, haka yake ɗora hannu in yana sauraron magana. Na juya bayan hoton na rubuta sunansa da fensir, da sunan mahaifinsa, da garin, da abin da Gwaggo ta faɗa.